Ƙanena, bari mu fara da diril ɗin kafin maganar Jamus

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya same ni a wurin aiki, shi ya sa sai yau Lahadi na zauna amsa maka. Ka ce ka sayi diril mai aiki da iska na gwanjo a Kofar Ruwa, ya yi kwana uku yana huji lafiya sannan ƙarfinsa ya mutu, kuma kana son sanin yadda za ka zo nan Jamus koyon kanikanci. Da diril ɗin zan fara, don shi ne a hannunka yau.

Kada ka mayar wa mai kaya tukuna. Wannan injin ba shi da kwayil da zai ƙone. Wani ƙarfe ne a ciki mai juyawa, an tsattsaga jikinsa an zura wasu siraran faifai a tsagun. Iska ce ke tura su suna goga jikin silinda, injin ya juya. In suka bushe, ko tsohon mai ya daskare ya riƙe su, sai iskar ta riƙa wucewa a banza, ka ji huci babu ƙarfi. Kayan gwanjo kuwa Allah kaɗai ya san shekarun da ya yi a ajiye.

Cire tiyo, ka juya gindinsa sama, ka ɗiga mai ɗigo 4 ko 5 a ramin da iska ke shiga, kana danne da kunamar don man ya sauka. Mayar da tiyon, ka rufe mafitar iska da farin tsumma, ka bar shi ya juya na ɗan lokaci. Sai ka duba tsumman. In baƙi ka gani, dauɗa ce ke fita, ka maimaita har ya washe. In ja-ja ne, tsatsa ce, ruwa ya shige shi. Daga nan kullum da safe ka ɗiga masa kafin ka taɓa aiki, in aikin ya yi tsawo ka ƙara da rana.

Na san baƙin mai na mota ne ya fi kusa da hannunka a gareji. Don Allah kada ka sa shi, ya yi kauri, shi ne ma ke manne faifan. Man birki yana cinye robobin ciki. Man feshi na WD-40 zai iya sassauta abin da ya cije, amma bushewa yake yi ya bar ƙarfe tsirara. Ka nemi man da aka yi don injinan iska, mai ruwa-ruwa, sau da yawa za ka ga an rubuta ISO VG 32 a jikin galan. Haƙoran giyar da ke bayan bakin diril kuma giris suke so, man da ka ɗiga ba ya wadatar da su.

Ruwan nan shi ne babban abokin gaba, kuma ni da kaina na sha kunya a kansa. A watana na farko a garejinmu, aikin zubar da ruwan tankin kwamfaresa, wato injin da ke matse iska, kafin a tashi yana wuyana. Na yi mako guda ina mantawa. Ranar Litinin maigidanmu ya kira ni, bai ɗaga murya ba, ya ajiye bokiti a ƙarƙashin tanki ya kwance ɗan famfon. Wani ruwa ya fito ja kamar na kududdufi. Sannan ya kwance diril ɗaya ya ɗora min faifan a tafin hannu, gefensu duk ya cinye. Har yau in na tuna sai na ji nauyi. Iskar da aka matse kullum tana haifar da ruwa, balle ku da damina. Ka zubar kowace yamma, ka sa abin tace ruwa a kan layin iskar, kuma da hunturu ka toshe ramin iskar idan ka ajiye shi saboda ƙura.

Ka daidaita agogon matsin iska a kan PSI 90, wato bar 6 da ɗan ɗoriya. Ƙarawa a kan haka ba ya gyara injin mara lafiya, kashe shi yake yi da wuri. Sai abin da nake roƙonka da girman Allah: kada wani ya ce ka jona shi da tukunyar oksijin ta masu walda don an ɗauke wuta. Oksijin da mai in suka haɗu fashewa suke yi. Kuma ka cire tiyo kafin ka canza bakin huji.

Maganar zuwa kuwa, hanyar da na bi ita ce Ausbildung, wato tsarin koyon sana'a na Jamus: kwana wasu a gareji, wasu a makaranta, kanikancin mota shekara 3 da rabi. Sai ka samu kamfanin da ya ba ka takardar yarjejeniya sannan ka nemi biza, kuma Jamusancinka ya kai matakin B1. Cibiyar koyar da Jamusanci ta Goethe da ke Legas tana yin jarrabawar wannan matakin. Ana biyan ɗan koyo, amma kuɗin haya ke cinye mafi yawa, don haka kada ka yi wa Inna alkawarin aike a shekarar farko. Duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya sayo maka yarjejeniya, ka kira ni kafin ka ba shi ko sisi.

A nan ɗan koyo yana da littafin da yake rubuta aikin da ya yi, maigida yana sa hannu, kuma sai da shi ake barinka ka zauna jarrabawar ƙarshe. Ka sayi littafi tun yanzu, ka fara rubuta ranar da ka sa mai da ranar da ka zubar da ruwa. In ka ɗiga man gobe, ɗauko min sautin diril ɗin a WhatsApp tare da hoton tsumman, zan gaya maka ko sai an canza faifan. Ka gaida Inna da su Baba.