Ciki, tumbi da hanji: kalmomin da ya kamata yaro ya sani

Tambaya: Malam, ɗana kome ya same shi sai ya ce "cikina". Ina son in koya masa inda abinci ke bi. Shin ciki da tumbi da hanji duk abu ɗaya ne?

Amsa: Malama, ba ɗaya ba ne. "Ciki" kalma ce mai ɗaukar kaya da yawa: tana nufin duk abin da ke tsakanin ƙirji da mara, tana nufin juna biyu, tana kuma nufin ma'ajiyar sirri, kamar a "mai zurfin ciki". Shi ya sa "cikina na ciwo" ba ya gaya wa likita takamaiman wurin da ke ciwo. Tumbi shi ne jakar da abinci ke sauka bayan an haɗiye. An fi jin kalmar a kan dabba, ko a tsokanar mai teɓa, amma ita ce daidai ga mutum ma.

Ki bi masa hanyar da yatsa a jikinsa. Haƙora su niƙa, yawu ya jiƙa, a haɗiye. Tumbi ya dama abincin kamar awa 2 zuwa 4. Sai ƙaramin hanji, wanda siranta ce ta ba shi sunan, don tsawonsa a jikin babba ya kai kusan mita 6. Nan jiki ke tsotse amfanin abinci. Babban hanji kamar mita 1.5 ne, aikinsa janye ruwa daga ragowar kafin ta fita ta dubura. Hausawa na cewa "hanjin jimina, akwai na ci akwai na zubarwa", wato kome yana da na ɗauka da na bari. Ba don darasin lafiya aka yi karin maganar ba, amma ta yi daidai da aikin hanjin kansa.

Tambaya: Wacce ta fi dacewa da bakin yaro: kashi, tutu ko bayan gida?

Amsa: "Tutu" ta 'yan ƙanana ce, "kashi" ita ce kalmar kai tsaye, "bayan gida" da "zagayawa" kuwa sakayawa ce ta kunya, an ambaci wurin an bar aikin. A koya masa sakayawar don gaban mutane, amma kada a tsawata masa in ya ce kashi a gaban uwarsa. Yaron da aka kunyata yakan riƙe, babban hanji kuma ya ci gaba da janye ruwa, kashin ya yi tauri, fitarsa ta yi zafi, sai ya ƙara riƙewa. Ƙasa da sau 3 a mako tare da tauri da yunƙuri, taurin bayan gida ke nan. A ƙara masa ruwa da ganye da 'ya'yan itace, a zaunar da shi a kan fo ko masai minti 5 zuwa 10 bayan cin abinci, lokacin da hanji ya fi motsi, ƙafafunsa a dafe da ƙasa ko 'yar kujera.

Tambaya: Gudawa, zawo da atini fa?

Amsa: Gudawa da zawo ɗaya ne, akwai ma masu cewa "gudun dawa", wato gudu zuwa daji. Ma'auninta kashi mai ruwa sau 3 ko fiye a yini. Haɗarinta ƙarewar ruwan jiki ne, don haka a ba da ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Gishirin in ya zarce haka cutarwa yake yi. Kada a daina ba shi abinci ko nono.

Atini daban ne, don shi da jini yake zuwa, sau da yawa da majina da murɗar ciki. Wanda ya kira shi zawo zai zauna gida yana jira, alhali wannan na asibiti ne a ranar.