Cikina ya zube, uwar mijina ta ce daka ce ta jawo

Tambaya: Salamu alaikum anti. Daga Tawa nike rubuto miki. Sati 3 kenan da cikina na wata 2 da rabi ya zube, uwar mijina ta ce daka da ɗaukar ruwa ne suka jawo, ni kuma kullum dare kuka nike, jiya ko sunan maƙwabciyata na kasa shiga. Laifina ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu, Allah shi mayar miki da mai albarka. Ba laifinki ba ne wallahi. Cikin duk ciki 10 da aka san da su, 1 zuwa 2 suna zubewa, akasari kafin sati 12, kuma wajen rabinsu tun ranar da cikin ya shiga ne ƙwayoyin halittar ba su haɗu daidai ba, ko kwance kika wuni bisa katifa haka za ta faru. Daka, tulu, hawan kabu-kabu, ba su zubar da lafiyayyen ciki. Abin da muke tsoro nan wajenmu shi ne zazzaɓin cizon sauro mai zafi, ciwon suga da ba a kula da shi ba, da wasu cututtukan sanyi.

Kukan nan kuma ki yi abinki, kar kowa ya ce miki ai jini ne kawai ba mutum ba. Na sha ganin mace a ɗakin awo ta buɗe jaka neman karne, wato katin awo, sai ga 'yar hular jariri da ta saƙa, ta tsaya tana kallonta ta kasa magana, alhali a gida kowa cewa yake ta warware tunda tana girki tana dariya. Haƙuri ba ya hana hawaye. Sunan da ba ki iya zuwa ki aika da barka ki zauna gida, ki samu mutum guda, yayarki ko aminiya, wadda za ki gaya ma komai ba ta katse ki da nasiha ba. Maigidan ma in kin ga ya yi shiru ba rashin damuwa ba ne, da yawansu ba su san me za su ce ba, ke ki fara. Uwar miji kuwa kar ki yi gardama da ita, ku zo awo tare ni na san yadda ake faɗa ma tsofaffi.

Jikinki fa? Jinin ɓari yakan ɗauke cikin sati 1 zuwa 2, al'ada ta dawo bayan sati 4 zuwa 6, amma ciki na iya shiga tun kafin ta dawo, don haka in ba ki shirya ba ki nemi tsarin iyali. Banda matsi da cushe-cushen magani. In har yanzu jini na zuba, ko zazzaɓi, ko wari, ko jiri, yau ɗin nan ki tafi asibitin uwa da yaro na Tawa a yi ekografi, wato hoton ciki, ƙila akwai saura sai an yi wankin ciki. Ki sha ƙwayar ƙarin jini, ki kuma tambayi rukunin jininki, in negatif ne ki faɗa ma likita tun awon farko na ciki mai zuwa.

In kuma barci da abinci sun gagare ki, ko kin fara jin gara ki mutu, wannan kar ki jira, ki faɗa ma ungozoma a ranar, ciwo ne kuma yana da magani.