Tambaya da Amsa: In sayi bindiga don kare kaina?

Tambaya: Malam, ina saro dankalin Turawa a Bokkos ina kawowa kasuwar Farin Gada. Hanyar ta lalace, an sha tare abokan sana'ata. Na ji a Amurka kowa na iya mallakar bindiga. Mu me zai hana?
Daga wani ɗan kasuwa, Jos

Amsa: Allah ya tsare hanya, Alhaji. Duk wanda ya san abin da ya faru a ƙauyukan Bokkos da Barkin Ladi a jajibirin Kirsimetin 2023 ba zai ga laifin tsoronka ba.

Abin da zai hana, na farko, doka ce. A Amurka tsarin mulkinsu ya ba su wannan haƙƙi tun 1791. Mu kuwa dokar makamai ta 1959 ke aiki a kanmu. Bindigar yaƙi irin AK-47 sai da izinin Shugaban Ƙasa, kuma wanda aka kama da ita ba izini zai iya shan ɗaurin shekara 10 ko fiye. Bindigar harbin tsuntsu sai da lasisin Sufeto Janar, bindigar toka ta mafarauta kuma Kwamishinan 'yan sandan jiha ke ba da takardarta. A 2023 ma Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sanar da dakatar da ba da sabon lasisi. Ka ga ke nan wanda ya ce zai samo maka ta bayan fage, hanyar gidan yari yake nuna maka, domin shingayen sojoji na kan hanyarka ba sa jin uzuri.

Masu ra'ayinka ba ƙananan mutane ba ne. Janar T. Y. Danjuma ya yi kiran a kare kai a Jalingo a 2018, gwamnatin Zamfara ta Bello Matawalle kuma ta ce jama'a su nemi lasisi a 2022. Hujjarsu mai ƙarfi ce: ɓarawo bai taɓa neman takarda ba.

Amma ni ɗan Jos ne, kuma ban yarda ba. Mun ga rikicin Jos na 2001, mun ga na 2008 da 2010. A garin da cacar baki kan wucewa ta layi lokacin sallar Juma'a ta iya cinye unguwanni, ka ƙaddara kowane shago a Terminus da Bauchi Road akwai bindiga a ƙarƙashin kanta, ga matasa masu shaye-shaye suna kai da komo. Amurkar da kake sha'awa, a Uvalde a 2022 matashi ɗaya ya kashe yara 19 da malamai 2 a makarantar firamare, da bindigar da ya saya bisa doka. Sannan ka duba motarka: kana gaba kusa da direba, buhuna a baya, mutum takwas sun fito daga daji. Bindiga ɗaya za ta sa su buɗe wuta ne, su kuma ƙwace taka su ƙara a kan nasu.

Ku 'yan ƙungiyar dankali ku riƙa tafiya a ayari da rana, ku daina ɗaukar tsabar kuɗi tunda akwai tiransifa, ku je a ƙungiyance wurin DPO ku nemi rakiya ranar kasuwa. In 'yan banga za ku ɗauka, su zama masu rajista, waɗanda mai unguwa ya san iyayensu.