Ƙarin Albashin da Aka Sanar Ba Bashi Ba Ne a Kan Kwalejinki

Tambaya: Barista, ina koyarwa a wata kwalejin sana'o'i da karatun gaba da sakandare a Ingila. An sanar da ƙarin albashi ga ma'aikatan kwalejoji, amma tamu ta ba mu ƙasa da haka. Muka yi yajin aikin kwana biyu, aka zaftare mana albashi. Ni mamba ce a SET, ƙungiyar ƙwararrun malaman kwalejoji. Zan iya kai su kotu su biya ni duka?

Amsa: Malama, ban ga takardar ɗaukarki aiki ba, don haka abin da zan faɗa ya rataya ne a kan abin da kika rubuto.

Inda kika ɗauka cewa ƙarin da aka sanar haƙƙinki ne, nan matsalar take. Tun 1993 kwalejoji irin taku suka fita daga hannun ƙananan hukumomi, kowace ta zama mai cin gashin kanta, ita ke yanke wa ma'aikatanta albashi. Abin da ake yi duk shekara shi ne ƙungiyar kwalejoji, AoC, ta zauna da ƙungiyoyin ƙwadago irin su UCU da Unison, sannan ta fitar da shawara. Shawara ce kawai. A 2023, alal misali, ta ba da shawarar ƙarin kashi 6.5 cikin ɗari, amma babu dokar da ta tilasta wa wata kwaleji ta bi. Mutane da yawa na kwatanta kansu da malaman makarantun gwamnati, waɗanda wani kwamiti na musamman ke duba albashinsu minista ya sa hannu. Wannan tsarin bai haɗa da ku ba. Ko da aka mayar da kwalejoji cikin lissafin ɓangaren gwamnati a 2022, hakan bai sauya komai a kan wannan batu ba.

Sai fa idan takardarki ta ce a fili albashinki zai riƙa bin shawarar AoC, ko akwai yarjejeniya tsakanin kwalejin da reshen ƙungiyarku wadda ta shiga cikin sharuɗɗan aikinki. Ba kasafai ake samun haka ba, amma ki duba.

Batun SET kuwa, ƙungiyar ƙwararru ce mai kula da horo da shaidar ƙwarewa. Ba ta zama teburin cinikin albashi, ba ta kiran yajin aiki. Idan yajin da kuka yi ƙungiyar ƙwadago ce ta kira shi bayan kaɗa ƙuri'a da ba da sanarwa yadda doka ta tanada, to bisa ga al'ada kina da kariya daga kora ko da ba mamba ba ce ke. Kariya daga kora daban, biyan kuɗin ranar da ba a yi aiki ba daban. Wanda ya ɗauke ki aiki na da ikon riƙe albashin ranakun yaji, kuma galibi kotun ma'aikata ba ta sauraron irin wannan ƙara a matsayin yankan albashi ba bisa ƙa'ida ba, domin dokar haƙƙin ma'aikata ta 1996 ta cire shi daga ciki. Sai dai a bi ta kotun gari a kan saɓa yarjejeniya.

Inda mai yiwuwa kike da magana shi ne yawan abin da aka yanke. A 2017 Kotun Ƙolin Birtaniya, a shari'ar Hartley da Kwalejin King Edward VI, ta ce a raba albashin shekara gida 365, ba 260 ba, wajen lissafin kuɗin rana ɗaya na malaman da suka kai ƙarar. A ce albashinki fam 36,500 ne: ta hanyar farko fam 100 za a cire kowace rana, ta biyun kuwa kusan fam 140. Amma hukuncin ya dogara da yadda aka rubuta takardun aikinsu, kuma taki na iya faɗin wani abu dabam. Abin da ke ba ni haushi shi ne har yanzu ana samun ofisoshin albashi da ke cire kuɗi ba tare da sun nuna wa ma'aikaci lissafin ba, alhali layi biyu ya isa.

To ki auna da kanki: bambancin kwana biyu a misalin nan kusan fam 80 ne kawai. Ba zan ce ki je kotu ke kaɗai a kan wannan ba, kuɗin shigar da ƙara da ɓata lokaci za su cinye shi. Ki rubuta wa ofishin ma'aikata, cikin ladabi, ki nemi su nuna miki yadda suka yi lissafi da sashen da suka dogara da shi. Idan amsar ba ta gamsar ba, ki shigar da koke ta hanyar cikin gida, kuma ki kai wa wakilin ƙungiyar ƙwadago na kwalejin, domin abin da aka yi miki an yi wa kowa, kuma murya ɗaya ta mutum ɗari ta fi saurin jawo gyara. Hukumar sulhu ta ACAS na ba da shawara kyauta, tana kuma shiga tsakani a rikicin ma'aikata da masu ɗaukarsu aiki. Ƙarin albashin kansa a teburin tattaunawa na kwalejinku ake samo shi, don haka idan kina son bakinki ya shiga, ki yi rajista da ƙungiyar ƙwadagon da kwalejin ta amince da ita.

Ki adana takardun albashinki na watannin nan da duk wasiƙar da aka aiko kafin yajin. Idan kuma kika ga an fara takura miki saboda kin shiga yajin, kada ki jira, ki nemi lauya ko wakilin ƙungiya nan take, domin wa'adin kai ƙara kotun ma'aikata gajere ne ƙwarai.