Dattijon mai ruwa da tulunsa

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗana ya nuna mini wani tsohon zanen Turawa a wayarsa: dattijo da yagaggiyar riga yana miƙa wa yaro ruwa a kofin gilashi, ga ƙaton tulu a gabansa. Wa ya zana shi? Kuma zana talaka cikin tsumma ba tozarta shi ba ne?
Wata malamar firamare, Ƙofar Marusa, Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Aikin Diyego Belaskes ne, mutumin Sifaniya. An haife shi a 1599 a birnin Sebil, wanda littattafan malamanmu ke kira Ishbiliya. Ya yi zanen wajen 1620, yana ɗan shekara ashirin ko sama kaɗan, kafin ya koma Madrid ya zama mai zanen fadar sarki. Dattijon sana'arsa sayar da ruwa a titi, ɗan garuwan zamaninsa ke nan.

Batun tozarci kuwa, Malama, ki ce yaron ya faɗaɗa miki hoton. Rigar ta yage a kafaɗa, gaskiya ne, amma dubi yadda dattijon ya tsaya. Bai rusuna ba, bai miƙa hannun roƙo ba. Hannunsa ɗaya na kan tulu, ɗayan na riƙe da kofi, fuskarsa a natse kamar ta limamin unguwa. A cikin kofin akwai ɗan ɓaure guda.

Sai ki dubi jikin tulun. Akwai ɗigon ruwa na gangarowa, tulun na zufa. Ranar da na fara ganinsa, randar kakata da ke gindin darbejiya a gidanmu na tuna, lokacin bazara, da moɗa a kife a kan faifai. Tun asuba wani dattijo ke cika ta da jarka biyu, kullum, kuma wallahi har yau ina jin kunyar cewa ban taɓa tambayar sunansa ba. Shi wannan saurayin mai zane ya zauna ya ƙare wa irin wannan mutum kallo, har tamojin goshinsa bai bari ba. Ni ban ga raini a nan ba.

Zanen yana Landan yanzu, a wani gidan tarihi da ake kira gidan Apsley. Sojojin Ingila ne suka same shi cikin kayan Yusufu Bonapat, Bafaranshen da ke mulkin Sifaniya a lokacin, bayan sun ci shi da yaƙi a Bitoriya a 1813, daga baya sarkin Sifaniya da ya dawo kan gadon mulki ya bar wa kwamandan sojojin, Welintan, kyauta.