Ta Yaya Zaki Yake Kayar da Ɓaunar da Ta Ninka Shi Nauyi?

Tambaya: Ni mutumin Alkaleri ne, kusa da gandun dajin Yankari. Tun muna yara muke jin cewa zaki da mari ɗaya yake karya wuyan ɓauna. Na taɓa ganin ɓauna da idona, kuma abin ya ƙi shiga hankalina. Don Allah yaya gaskiyar lamarin take?

Amsa: Malam, shakkarka tana kan hanya. Mari ɗaya zai iya gamawa da ɗan barewa, amma ɓauna ta wuce nan. Zakanya takan yi nauyin kilo 120 zuwa 150, namijin ya kusanci 200, alhali ƙaton bijimin ɓauna irin na gabashi da kudancin Afirka yakan haura kilo 600. Da kokawa ce ƙirji da ƙirji, da zaki bai ci ba. Abin da yake yi shi ne ya raba ta da tsayuwarta, sannan ya raba ta da numfashinta.

Aikin yana farawa tun kafin a taɓa juna. Zaki ba shi da dogon gudu, nan da nan yake gajiya. Shi ya sa yake lallaɓawa, ciki a ƙasa, cikin ciyawa ko duhu, har sai tazarar ta ragu zuwa kamar mita 30 kafin ya zabura. Daren da babu farin wata ya fi yi masa kyau. Kuma ba kowace dabba yake nufa ba: yana duban gurguwa, tsohon bijimin da ya ware daga garke, ko maraƙin da ya yi nisa da uwarsa. Wani abin mamaki, George Schaller, wanda ya bi zakunan Serengeti a Tanzaniya daga 1966 zuwa 1969, ya lura ba su cika kula da inda iska take kaɗawa ba, abin da ko ɗan koyon maharbi ba zai manta da shi ba. Wannan na cikin dalilan da suke yawan dawowa hannu rabbana. Ko suna cikin ayari, kusan sau ɗaya cikin uku suke dacewa.

Abin da ya fi burge ni shi ne rabon aiki. A gandun Etosha na Namibiya, wani mai bincike, Philip Stander, ya wallafa a 1992 cewa wasu zakanyu sukan zagaya ta gefe su koro dabba, wasu kuma su laɓe a tsakiya suna jira, kuma sau da yawa kowace takan koma gurbin da ta saba. Kwanton ɓauna ke nan, dabarar da Bahaushe ya ara mata sunan ɓauna saboda yadda take laɓewa ta jira wanda ya yi mata rauni.

Idan an cim ma ɓauna, ba a tunkarar ƙaho. Ɗaya ta ɗauke mata hankali ta gaba, sauran su ɗare ta baya, su kafa farata a ƙugu da gadon baya, suna cizon gindin wutsiya da ƙafafu, suna rinjayar ta da nauyinsu har ta durƙusa. A nan ne namiji yake da amfani ƙwarai, domin a gandun Kruger na Afirka ta Kudu an ga maza sun fi ƙwarewa a kan ɓauna, saɓanin zancen da ake yi cewa ci kawai suka iya. Da ta faɗi, sai ɗaya ya damƙi maƙogwaro, ko ya haɗa baki da hancinta cikin bakinsa ya riƙe gam. Shaƙewa ce take kashe ta, kuma babban bijimi yakan ɗauki rabin awa ko fiye yana turjiya. Cikin wannan lokaci garken yakan juyo ya kawo ɗauki. Zakuna da yawa sun mutu a kan ƙahon ɓauna, wanda kuma raƙumin dawa ya fasa wa muƙamuƙi da shuri, yunwa ce za ta ƙarasa shi.

Kura da kyarkeci kuwa wata hanyar suke bi. Su ba sa laɓewa, bin dabba suke yi kilomita bayan kilomita har ƙarfinta ya ƙare, sannan su yage ciki. Kurar da tatsuniya ta mayar matsoraciya ita take kashe mafi yawan abin da take ci.

Yawa yana ƙara wa zaki ƙarfin hali: a Savuti ta ƙasar Botswana, wani ayari mai zakuna wajen 30 ya riƙa kayar da matasan giwaye da dare a ƙarshen rani. Namu na Afirka ta Yamma ba su da wannan gata, ayarinsu ƙanana ne. Binciken da aka fitar a 2014 ya ƙiyasta saura kimanin 400 a yankin gaba ɗaya, akasarinsu a dazuzzukan da suka haɗa Nijar, Benin da Burkina Faso. A Najeriya, Yankari da Kainji kaɗai aka same su, kuma 'yan kaɗan ne. Wannan ya dame ni ƙwarai. In ka taɓa jin gurnanin zaki da dare daga wajen Yankari, ka ji abin da yawancin 'yan ƙasar nan ba su taɓa ji ba.