Ciwon Diddige da Sassafe: Ƙaya Ce ko Jijiya?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni malamar firamare ce, shekaruna 46. Watanni ke nan idan na tashi sallar asuba na taka ƙasa, sai in ji suka mai tsanani a diddigen dama, har ta bi tafin ƙafa. Idan na yi zirga-zirga sai ta lafa, da yamma kuma ta dawo. An yi mini hoto an ce ƙaya ce ta tsiro a ƙashin, maƙwabciyata kuwa ta ce in je a yi mini sakiya. Ina neman shawara. Daga Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ba ki lafiya. Yadda kika siffanta ciwon ya fi kama da rauni a wata jijiya mai kauri da ta taso daga ƙashin diddige ta miƙe zuwa gindin yatsu, wadda take riƙe da lanƙwasar tafin ƙafa kamar yadda tsirkiya take riƙe da baka. Doguwar tsayuwa a kan siminti, ƙiba, ɗaurewar naman sharaɓa, shafaffen tafin ƙafa da silifas marar tudu, duk suna ja mata nauyin da ya fi ƙarfinta, har ta riƙa samun ƙananan tsage-tsage a inda ta manne da ƙashi. Idan mutum ya kwanta sai ta takure, shi ya sa takun farko na safiya ya fi kowanne zafi. An fi ganin matsalar tsakanin shekara 40 zuwa 60.

Ƙayar da aka gani a hoto kada ta tayar miki da hankali, domin mutane da yawa suna da ita ba su taɓa jin ciwo ba, kuma jijiyar tana warkewa ƙayar na nan zaune. Sakiya kuwa ina roƙonki kada ki yarda da ita. Babu mugunya a wurin da za a fitar, kuma ƙuna a ƙasan ƙafa tana iya zama gyambo mai wuyar warkewa, musamman ga mai ciwon suga.

Maganin da ya fi tasiri a hannunki yake. Kafin ki sauko daga gado, ki miƙe ƙafar, ki zarga ɗankwali a ƙarƙashin yatsu, ki jawo su wajenki a hankali na daƙiƙa 30, sau uku. Da rana kuma ki dafa bango, ki mayar da ƙafar mai ciwo baya, gwiwa a miƙe, diddige a ƙasa, ki karkata gaba har ki ji sharaɓarki ta ja. Da yamma ki murza gorar ruwa mai ƙanƙara a ƙarƙashin tafin ƙafa na minti 15. Idan babu wuta, ƙanƙarar da ake sayarwa a unguwa ta wadatar, a naɗe ta cikin tsumma. Ki nemi takalmi mai laushin ciki da ɗan tudu a diddige, ki daina taka tayil ba takalmi ko a cikin gida, a aji kuma ki riƙa zama lokacin da yara suke rubutu. Ibuprofen yana rage zafi na ƴan kwanaki, amma bai dace da mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ba.

Sauƙin ba ya zuwa da wuri, sai dai mafi yawan masu wannan ciwo suna warkewa cikin shekara guda ba tare da tiyata ba. Idan kika yi wata biyu kina bin waɗannan matakai babu canji, ki je sashen gashin ƙashi na babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Barau Dikko. A can likita zai duba ko kina buƙatar allura a diddigen, wadda ba a yawaita ta domin tana iya tsinka jijiyar. Amma idan ƙafar ta kumbura ta yi ja, ko tana mutuwa, ko kin kasa taka ta, ko zazzaɓi ya biyo baya, to ki je asibiti a ranar.